Ƙetaren Gulbin Sannu

Na manta ranaku da yawa a aikin nan, har da ranar da aka ƙara mini girma, amma ban taɓa mantawa da wata Laraba ta watan Maris ba, ranar da shugaban sashenmu ya shimfiɗa mini taswirar ƙasar da babu ita a duniya. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kun sha tambayata abin da ya sa nake tada jijiyar wuya idan na ga an cike gurbi a taswira don kawai ta yi kyau. To, yau ga dalilin.

Ga wanda bai san aikinmu ba, sashen ƙasa da safiyo hannu biyu ne. Akwai safiyo, shi ke fita da na'ura da tef da kamfas, ya auna gona ko fili ko burtali, ya rubuta abin da ya samu a littafin awo. Akwai mai zane, irina, wanda ke zaune a ofis yana jiran littafin ya dawo, ya mayar da lambobin su zama layi a kan takarda. Layin kuma yana da doka. Cikakken layi yana nufin an je, an taka, an auna. Layi ɗigo-ɗigo niyya ce kawai, hanyar da ake shirin bi amma ba a bi ba tukuna. Inda ba wanda ya je kuwa, fari ake barinsa, a rubuta "ba a auna ba".

A lokacin ina mataki na takwas a ofishinmu na Faskari, ni ne kuma aka fi tura wa duk abin da ya shafi kwamfuta, don ni ne mai rawar kai. Shugabanmu Alhaji Rabe yana mataki na goma sha huɗu, saura wata huɗu ya yi ritaya. Mutum ne dogo, marar yawan magana, wanda ya taka Kankara da Sabuwa da ƙauyukan Faskari da ƙafarsa tun ana awo da sarƙa. Tsoronsa muke ji. Ya taɓa dawo mini da zanen wani fili a Daudawa saboda na gusar da rijiya da kamar taku biyu. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Mannir, tunda ka matsa da rijiyar, ka sanar da masu ɗiban ruwa?" Kwana uku ina jin kunyar haɗa ido da shi.

Abu ɗaya kowa ya sani amma ba mai faɗa: hannunsa na dama ya kama rawa. Shekara uku ke nan yana sa hannu a takarda yana riƙe da wuyan hannun da na hagu. Idan ya ɗauki biro, sai kowannenmu ya sami abin dubawa a wani gefen.

Ranar Larabar, bayan an tashi aiki mun dawo daga La'asar, ya ce in tsaya. Na fara lissafin rijiyoyin da na zana a makon. Sai ya ciro wata naɗaɗɗiyar takarda daga bayan kabad, ya warware ta a kan babban teburin zane, ya danne kusurwoyinta da kofin shayi da hatimi da wayarsa. Tsohuwar takarda ce, ta yi ja-ja, an zane ta da tawada da irin hannun da yanzu ba a samu. Na duba ko Tafoki ce, ba ita ba. Na nemi hanyar Funtuwa, babu. A sama an rubuta: Ƙasar Hantsi.

"Ranka shi daɗe, wace ƙaramar hukuma ce wannan?"

"Ba ta ƙarƙashin kowa," ya ce. "Tawa ce. Zauna."

Na zauna, ya fara zagayawa da ni da yatsansa mai rawa. A ƙasar nan, in ji shi, rana tana tsayawa ne a hantsi, ba ta kaiwa tsaka, don haka ba wanda ke sauri. Ga Dutsen Tari, wanda ke yin gyaran murya kwana biyu kafin ruwan farko, manoma su fito da iri. Ga Birnin Auduga, inda ba a shuka ta: girgije ne ke saukowa ƙasa-ƙasa ranar kasuwa, mata su tsinka gwargwadon abin da za su kaɗa, ya tashi ya tafi. Ga wani ƙauye da rumbunansa ke da ƙafafu, da kaka su taka da kansu zuwa gona, a cika su, su dawo gida a hankali suna nishi. Ta tsakiyar ƙasar wani gulbi ya ratsa daga arewa zuwa kudu, Gulbin Sannu, wanda idan ka jefa ganye a cikinsa yau, jibi ma ka dawo ka same shi bai wuce inda murya ke kaiwa ba.

Yana magana ina kallonsa. Mutumin da bai taɓa yi mini jimla uku a jere ba, ga shi yana gaya mini sunan mai unguwar rumbuna. Fanka ta tsaya, ofis ya yi tsit, hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a kan takardar, har na ji kamar in na sa kunne zan ji dutsen nan yana tari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne littattafan awo. Guda goma sha ɗaya ya fito da su daga jaka. Kowace hanya a Ƙasar Hantsi tana da lambar kamfas da yawan taku. Ya ce idan ya koma gida Sheme da yamma, yakan zauna gindin tsamiyar ƙofar gidansa ya rufe ido, ya shiga ƙasar daga inda ya tsaya jiya, yana tafe yana ƙirga taku, ya buɗe ido ya rubuta. Abin da bai taka ba, ba ya zanawa. Shi ya sa duk gabashin gulbin fari ne fat, babu komai sai ɗigo ɗaya da ɗan zanen itacen durumi, da rubutun nan namu: ba a auna ba.

Sai ya nuna mini kusurwar kudu. Gara ta ci birni guda da rabin daji.

"Ka gani. Takardar tana tahiya, hannun kuma ya riga ta. Littahi biyu na ƙarshe ban zana su ba, in na ja layi sai ya hito kamar sawun tsutsa. Ɗiyata Murja ta sayo mani kwamfuta. An ce akwai manhajojin da ake zana irin wagga ƙasa da su. Ina son ka zaɓa mani wadda ni da kaina zan iya, ba wadda za ka riƙa yi mani ba."

Kun san ma'aikacin gwamnati. Washegari ya zo da sabon fayil da ya saya a kanti, ya rubuta masa suna a bango, ya ce za a bi ƙa'idar da muke bi idan za mu sayi kayan aiki: a kawo guda uku, a gwada kowace, a rubuta rahoto. Ya kafa sharuɗɗa a shafin farko. Ta yi aiki ko babu sabis, don a Sheme sabis baƙo ne. Ta san itacen kuka da rumbu. Ta bi hannunsa. Gwajin kuma bayan tashi aiki ne, a kwamfutarsa, don bai yarda a taɓa lokacin hukuma ba.

Ta farko irin wadda muke aikin ofis da ita ce. Ita wannan ba ta san wasa ba: kafin ka ja layi sai ka gaya mata inda wurin yake a doron ƙasa. Na rasa abin da zan sa, na cike gurbin da sifili. Nan take Ƙasar Hantsi ta faɗa tsakiyar teku, don a taswirar duniya can sifili yake. Alhaji ya gyara tabarau ya daɗe yana kallon shuɗin ruwan.

"Tau, Mannir, ka nutsar mani da mutane."

Ya rubuta a fayil: ba ta dace ba, ba ta yarda da abin da ba ta gani ba.

Ta biyu ita ce ta tafi da hankalina. An yi ta ne musamman don masu ƙirƙirar duniyoyi. Maɓalli ɗaya za ka danna, ƙasa ta fito cikakkiya, da duwatsu masu farin kai, da gidajen sarauta masu tsini, da jiragen ruwa a bakin gaɓa, launi kamar a lasa. Ka sake dannawa wata ta fito. Alhaji ya kalli ta farko har da jinjina kai. Da na danna ta biyu ta maye gurbinta, sai ya ce, "Waccan ina ta tahi?" Na ce ta goge. "Da mutanenta?" Na yi dariya, shi bai yi ba. Ga shi babu kuka ko ɗaya a cikin itatuwanta, kuma da sabis ya ɗauke sai ta tsaya cak. Amma ni na riga na kamu.

Ta uku kuwa ban ma so nuna masa ba. Farin shafi ne kawai da 'yan kayan zane a gefe, kyauta ake sauke ta, ba ta zana maka komai. Na buɗe ta na minti biyar na rufe, na ce masa sai Litinin.

A ƙarshen makon na yi abin da nake ganin gwaninta ce. Na riga na ɗauki hoton taswirarsa, sai na ɗora shi a manhajar nan ta biyu, na gyara inda gara ta ci, na sa launi. Da na zo gabashin gulbi, farin nan ya tsone mini ido. Rabin taswira babu komai, kamar gidan da aka yi wa fenti gefe ɗaya. Akwai maɓallin da ke cike gurbi da kansa. Na danna. Tsaunuka suka tashi, tafki ya kwanta, gari uku suka zauna, durumin ma ya ɓace cikin wani daji mai duhu. Na buga ta a babbar takarda, ina ta murna.

Litinin da yamma na warware ta a gabansa ina jiran yabo. Idonsa bai tsaya a yamma ba, kai tsaye ya ƙetare gulbin. Ya daɗe. Ya cusa hannunsa cikin aljihun riga. Sannan ya juya wa takardar baya.

"Naɗe ta. A ruhe fayil ɗin. Na gode da wahalarka."

Kwana huɗu bai sake tada maganar ba, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ya kwashe littattafansa ya mayar gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, da farko da shi, don a ganina na yi aiki an watsa mini ƙasa a ido, daga baya kuma da kaina, don na san mutumin nan ba ya fushin banza. Ranar Asabar da hantsi na hau babur na tafi Sheme, takardar tana ɗaure a baya.

Na same shi gindin tsamiya a kan tabarma, littattafan a gefe, a rufe. Muka gaisa, aka kawo ruwa. Na ce na zo ne in ji laifina.

Ya bari wata motar hatsi ta wuce a titi, sannan ya ba ni labarin. Farkon aurensu da marigayiya Hajiya Dije, yakan yi mako biyu ko uku a daji wajen awo. In ya dawo sai ta ce ina aka je wannan karon. Ya gaji da cewa Sabuwa, Kankara, Sabuwa, rannan sai ya ce mata daga Birnin Auduga yake, ya shirya mata ƙarya mai daɗi. Ba ta yi gardama ba. Cewa ta yi ai ita ma ba zaman jiransa take yi ba, in ya fita takan ƙetare gulbi ta yi nata yawon. Daga nan suka raba ƙasar: yamma tasa, gabas tata. Duk abin da ya gano yakan gaya mata. Ita kuwa ko ya roƙa, sai ta ce, "Kai da kullum ƙafarka ke waje? Bari ka aje aiki ka zauna, ni da kaina zan ƙetara da kai."

"Shekara talatin da wani abu," ya ce, "abu guda na samu daga gare ta. Ta ce akwai durumin da take hutawa. Na ce in mutum yana kan Dutsen Tari ta ina zai hango shi, ta nuna da ludayi. Bayan wata shida na ce daga mashigin Birnin Auduga fa, ta sake nunawa. Ba ta san dabara nike ba."

Ku masu zane kun gane. Idan ka hango abu daga wuri biyu da ka sani, ka ja layi biyu, inda suka haɗu nan abin yake, ko ba ka je ba. Ɗigon nan ke nan. Hajiya Dije ta rasu saura shekara biyu ya yi ritaya.

"Ba don ka yi zane ba ne, Mannir. Tun Litinin, in na ruhe ido na tsaya bakin gulbi na duba ƙetare, tsaunukanka nike gani. Da hili ne fari, ina jira. Yanzu ko durumin ba ni hangowa."

Ban taɓa jin nauyin wani kuskure kamar wannan ba. Rijiya in ka gusar, gogewa za ka yi. Wannan fa, a cikin kan mutum na yi gini. Na ce bari in yayyaga takardar. Ya ce yagawa ba ta soke aiki, na fi kowa sani. Sai ya dube ni da idon nan nasa na ofis.

"Ka je wurin?"

"Ban je ba, ranka shi daɗe."

"Akwai littahin awo?"

"Babu."

"Tau mi doka ta ce?"

Na warware takardar a kan tabarma. Ya aika cikin gida aka kawo jan biro da rula. Kamar yadda muke yi wa duk zanen da aka gano ba a je fili ba, na ja jan layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa a kan gabashin, na rubuta tsakaninsu da manyan baƙaƙe: an soke, mai zane bai je wurin ba. Na sa hannu da matakina. Shi ma ya riƙe wuyan hannunsa ya sa nasa a ƙasa. Wanda ya gan mu zai ce wasa muke, manya biyu da jan biro a gindin tsamiya. Amma da ya gama sai ya jingina da itacen ya rufe ido. Ganyen tsamiya yana ta zubo masa a kan hula, ban yi motsi ba. Can ya ce, ba tare da ya buɗe idon ba, "Tsaunukan sun fara dusashewa. Ɗauko ta ukun mu gani."

Ashe wadda na raina ita ce tasa. Ba ta buƙatar sabis. Muka ɗauki hoton kukarsa da rumbunsa da durumin daga tsohuwar takarda, suka zama tambarin da zai riƙa dangwalawa duk inda ya so. Tana da shafuka kamar takardu masu shara-shara da ake ɗora wa juna, hanyoyi daban, ruwa daban, sunaye daban. Sannan na gano wani wuri a cikinta da ake ƙara wa layi nutsuwa: hannu yana rawa, ita tana jinkirtawa kaɗan tana tace rawar. Na kai shi ƙarshe, na miƙa masa linzamin kwamfutar.

Ya ɗora hannu, yana karkarwa kamar kullum. Ya fara daga arewa ya gangaro. A kan allon, gaɓar yamma ta Gulbin Sannu ta fito santala, tana lanƙwasa a hankali, irin layin da ke kan tsohuwar takarda. Ya kai ƙasa ya saki. Sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"In na bar can fari, ba za ta cike mani ba?"

"Ba ta taɓa abin da ba ka taɓa ba."

Ranar Litinin ya rubuta a shafin ƙarshe na fayil: an amince da ta uku.

Ya yi ritaya a watan Yuli. Shekara biyu da 'yan watanni ya yi yana zane a Sheme. Nakan leƙa idan wani abu ya rikice masa, in tarar ya maido birnin da gara ta ci, ya ƙara wata kasuwa da ake sayar da inuwa a cikin ƙwarya. Gabas tana nan fari da ɗigonta. Da daminar bara Allah Ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Hajiya Dije.

Bayan an yi arba'in, Murja ta zo ofis da kwamfutar a cikin jakar hannu. Ta ce, "Malam Mannir, Baba ya ce kai kaɗai ka san yadda ake buga taswirar. Muna so mu rataye a zaure."

Na buɗe. Aikin ƙarshe da ya ajiye kwana biyu ne kafin ya kwanta. Komai yana yadda na sani, sai abu ɗaya. Daga mashigin Birnin Auduga ya ja layi ɗigo-ɗigo, ya ratsa Gulbin Sannu, ya bi ta cikin farin nan, ya tsaya daidai gindin durumin.

Murja ta leƙo ta ce layin nan kamar bai ƙarasa ba, ko zan haɗe mata ɗigon ya yi kyau. Aikin daƙiƙa biyu ne, linzamin ma yana hannuna, kuma Allah Ya sani raina ya so. Na ce mata a'a.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Na'ura kowace iri za ta zo, wata ta fi wata iya ado, amma ku zaɓi wadda za ta bar ku ku ce ban sani ba. Farin da ke kan taswira ba rashin aiki ba ne, sau da yawa wurin wani ne da bai gaya muku ba. Mai zane kuma ba ya cike layi sai safiyo ya dawo da littafin awo. Alhaji Rabe ya fita awon ƙetaren gulbin nan, littafinsa bai dawo ba. Na buga taswirar yadda ya bar ta, tana nan rataye a zauren gidansa a Sheme, da ɗigonta.